Akwai Lu'ulu'u a Ƙasarmu? Tambayoyin da Ake Kawo Mini Zaure da Amsoshinsu

Tun da zinariya ta fashe a Tibasti wajejen 2013, samarinmu suka koyi kallon ƙasa da wani ido dabam. Wanda ya dawo daga Kuri Bugudi, ko daga ramukan Mayo Rey da Betare-Oya, ba ya ƙara taka tsakuwa mai ƙyalli bai sunkuya ba. Ni kuwa da Allah ya sa karatun duwatsu na yi, zaurena a Garwa, arewacin Kamaru, ya zama wurin kwance ƙulli: wani a leda, wani a kwalbar turare, wani a bakin rawani. Zinariya kowa ya san ta. Rigimar tana kan lu'ulu'u, wanda wasu ke kira daimon, masu Faransanci kuma diyaman. Ga tambayoyin da suka fi dawowa.

Malam, na tsinci dutse fari tas, har yana yanka gilashi. Shi ne?

Yanka gilashi ba shaida ba ne. Akwai ma'aunin taurin duwatsu daga 1 zuwa 10, wanda wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara a 1812. Gilashi yana wajen 5 da rabi. Kwaz, farin dutsen nan da ya cika rafukanmu, yana 7. Tofaz 8, safaya 9, lu'ulu'u 10. Ka ga ke nan duk waɗannan suna yanka gilashi, kuma kwaz ne ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Wani dattijo ɗan kasuwar shanu ya taɓa zuwa wurina bayan la'asar. Ya sa na tura ƙofa, ya kwance ƙulli uku kafin dutsen ya bayyana. Ya kai ƙwan zabo, garau kamar ruwan sama, gefe shida, kansa a fiƙe kamar fensir, ga siraran layuka sun ratsa kowane gefe a kwance. Ya ce, "Ɗana, bijimai biyu na bayar." Na ce, "Baba Alhaji, a yi mini aikin gafara," na miƙa hannu kan tebur na ɗauko wanda nake danne takardu da shi, ya ninka nasa, na ajiye su gefe da gefe. Ya daɗe yana kallonsu. Da ya buɗe baki, buta ya tambaya.

Gefe shida da fiƙaƙƙen kai, wannan kwaz ne. Ɗanyen lu'ulu'u yawanci fuska takwas gare shi, kamar an kifa dala biyu gindi da gindi, ko kuma ya ɗan mulmule. Ƙyallinsa kamar an shafa masa mai ne, ba walƙiyar zoben kanti ba. Waccan sai an gyara shi. Kuma mafi yawansa bai kai ƙwayar dawa ba.

Akwai gwajin da zan iya yi a gida?

Akwai, amma fara da wanda ba za ka yi ba: kada ka sa masa guduma. Tauri dabam, jure bugu dabam. Lu'ulu'u ya fi komai tauri, amma yana da sashen da yake tsagewa, bugu ɗaya sai ya dare.

Nemi baƙar sanfefa ta masu gyaran jikin mota, wadda ake gogawa da ruwa. Ƙwayoyinta sun fi safaya tauri. Goga dutsen sosai, ka wanke, ka duba da madubi. In ta yi masa zane, magana ta ƙare. In kana da sikelin masu zinariya, auna shi a sarari, ka sake auna shi a rataye cikin ruwa, ka raba nauyin farko da abin da ya ragu. Kwaz zai ba ka 2.65, lu'ulu'u 3.52, safaya 4. Sai dai tofaz ma 3.5 yake bayarwa, don haka awo shi kaɗai ba ya raba gardama. Haɗa shi da sanfefar. Na'urar nan mai kama da biro da ke yin ƙara, yadda dutse ke jan zafi take aunawa, tana da amfani, amma akwai dutsen masana'anta mai suna moisanait da ke yaudarar ta, kuma 'yan damfara sun san haka kafin kai.

Wai a ina ma yake samuwa tun asali?

Lu'ulu'u kabon ne zalla, ɗan uwan gawayi, ɗan uwan baƙin abin da ke cikin fensir. Abin da ya raba su matsi ne. Sai an nutsa ƙasa kilomita 150 zuwa 200, ka ƙaddara tafiyar Garwa zuwa Marwa amma a tsaye zuwa ƙasa, sannan matsi ya kai inda kabon zai dunƙule ya zama lu'ulu'u. Zafi kuma kada ya yi yawa, wajen digiri 900 zuwa 1,300. A wurinmu wannan wuta ce, amma a wancan zurfin sanyi ake kiransa. In zafin ya zarce abin da matsin zai iya riƙewa, kabon ɗin abin fensir zai zama.

Zurfi da sanyi tare ba a ko'ina suke haɗuwa ba. Sai ƙarƙashin tsofaffin gindayen ƙasa, waɗanda masana ke kira kiraton, da suka haura shekara biliyan 2.5 ba a motsa su ba, saiwarsu ta yi kauri ta huce. Wani masani, Tom Clifford, ya lura da haka a 1966, har yau ƙa'idarsa ake fara dubawa kafin a kashe ko sefa ɗaya: manyan mahaƙun lu'ulu'u a kan tsohon gindi suke. Afirka ta Kudu, Botswana, Angola, Kwango, Saliyo, Gini, Saiberiya, arewacin Kanada, duk haka ne.

Sai kuma abin da zai hauro da shi. Wani irin narkakken dutse ne mai yawan iskar gas, da ke tasowa daga can ƙasa da gudu, ya fasa sama ya bar rami mai siffar karas. Ana kiransa kimbalait, daga garin Kimberley na Afirka ta Kudu inda aka fara haƙarsa wajejen 1871. Kimbalait ba shi ke haifar lu'ulu'u ba. Mota ce kawai da ta kwashi fasinja a hanya. Fasinjan ya girme ta, sau da yawa da shekaru biliyan. Motar da ta bi ta inda babu fasinja, wayam za ta iso. Wadda ta yi nawa a hanya kuwa, fasinjan ya narke ko ya ƙone kafin a iso.

To ai muna da duwatsun aman wuta. Ga na Kapsiki, ga na Gaundare.

Muna da su, kuma su ne ma shaidar da ba ta goyi bayanmu ba. Ƙasar da muke kai, daga Adamawa har Marwa, ba tsohon gindi ba ce. Ɗinki ne. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce manyan gindaye suka yi karo, dutsen da ke tsakaninsu ya narke ya murɗe, mu a kan wannan murɗaɗɗen wuri muke zaune. Daga baya ƙasa ta sake tsagewa ta ba da kwarin Binuwai, sannan layin aman wutar Kamaru ya ratsa, tun daga teku har Kapsiki. Wurin da aka yi ta hura wa wuta haka, saiwarsa siririya ce kuma da ɗumi.

Ba hasashe ba ne. Baƙin dutsen aman wuta na kewayen Gaundare yakan zo da dunƙulen koren dutse a cikinsa, gutsuren da ya tsinko daga ƙasa. In ka fasa ɗaya za ka ga ƙwayoyi kore-kore kamar sukari mai launi. Masana sun yi nazarinsu, abin da ke ciki ma'adinin sifinel ne, shi kuwa ba ya zama a zurfin da ya wuce kilomita 70 zuwa 80. Wato motocinmu da ƙyar suke kai rabin hanyar tashar lu'ulu'u. Tsaunukan Rumsiki kuwa wani irin dutse ne dabam, toshiyar bakin aman wuta, babu abin da ya haɗa su da kimbalait.

Abin da wannan wutar ta ba mu shi ne safaya da zirkon. Ana samun safaya a Adamawa, kamar yadda ake samun ta a Mambila ta Najeriya. Ɗinkin kuma ya ba mu zinariya. Tsohon gindi na gaske a Kamaru yana kudu, yankin Ntem, bakin kiraton ɗin Kwango.

Amma 'yan uwanmu na sayen lu'ulu'u a Gabas, wajen Kette da Gbiti. Daga ina yake?

Gaskiya ne, kuma lu'ulu'u ne na ƙwarai. Amma baƙo ne a wurin, ruwa ya kawo shi. A tsallaken iyaka, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya tana da manyan shimfiɗun dutsen yashi guda biyu, na Karno da Berberati a yamma, da na Muka-Wadda a gabas wajen Biriya. Tsofaffin koguna ne suka kwaso lu'ulu'u daga wani wuri suka jibge a cikin wannan yashi, yashin ya daskare ya zama dutse, kogunan yau kuma suna sake gurzar shi suna tarawa a tsakuwa. An yi shekaru da dama ana neman uwar ramin da ya fito, har yau ba a same ta ba.

Lu'ulu'un kogi yana da kyau, domin tafiya ta riga ta farfasa masu rauni, nagari suka rage. Illarsa ita ce ba ya gaya maka inda gidansu yake. Yana iya yin tafiyar ɗaruruwan kilomita bai nuna gajiya ba. Kuma zamansa a tsakuwa ba shi da tsari: wannan rami ya ba da, na kusa da shi taku goma ya cinye jarin mutum.

In ba lu'ulu'un ake nema kai tsaye ba, me masana ke nema a rafi?

'Yan rakiyarsa. Ko a mahaƙa mai albarka, karat ɗaya a tan guda na dutse abin murna ne. Karat kuwa kashi ɗaya cikin biyar na giram ne. Tifa mai tan 20 ke nan ta ba ka giram 4. Neman wannan a daji neman allura ne cikin ruwa. Amma kimbalait yana zuwa da wasu ma'adinai masu nauyi da suka ninka lu'ulu'un yawa sau dubbai, in ya ruɓe ruwa ya watsa su. Huɗu ne manya: ganet ja mai sirkin shuni da ake kira fairof, ilmanait, baƙi mai sheƙi, mai yawan maganiziyam, kuromait, shi ma baƙi, da kurom-dayofsaid, kore shar kamar ganyen albasa.

Ga yadda aikin yake. Da rani za ka sauka cikin mayo, wato rafi, ba a tsakiyar yashi mai laushi ba, sai inda ruwa ke yar da kaya masu nauyi: bayan babban dutse, cikin tsagar fa, ƙasan tsakuwa inda ta zauna a kan dutse. Ka kwashi kilo 15 zuwa 20, ka tace da rariya hawa-hawa har ka ware ƙwayoyin da ke tsakanin kusan rabin milimita da milimita 2. Ka sa a rariya mai ƙananan ido cikin ruwa, kana girgizawa sama da ƙasa, sannan ka kife ta da sauri a kan buhu. Masu nauyi za ka gan su sun taru a tsakiya, baƙi-baƙi, kamar ido. Wannan idon ake kwashewa da cokali. Buhu guda yakan koma abin da bai cika akwatin ashana ba, sai a zauna da madubin ƙara girma da tsinke ana tsintar ƙwaya ɗaya-ɗaya. Aikin yana cin ido, yana cin wuya.

Fatar ƙwayar ma magana take. Wadda ke da kaushi, da ragowar ɓawo a jikinta, ba ta yi nisa da gida ba. Wadda ta yi sumul ta sha tafiya. Koren nan kuwa ba ya jure ƙasa mai zafi da damina, da wuri yake ruɓewa, saboda haka in ka gan shi, ka kusa. Ilmanait shi ne mai naci. Haka ake bin rafi ana hawa, ƙwayoyi suna ƙaruwa suna ƙara kaushi, har inda suka yanke. Ramin yana nan kusa. Ta haka Larisa Popugayeva ta bi jan ganet har ta gano ramin Zarnitsa a Saiberiya a 1954.

Rafinmu cike yake da jan ganet. Ke nan mun dace?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi faɗawa. Ganet dangi ne babba. Wanda ya cika rafukanmu almandin ne, mai yawan ƙarfe, ja mai duhu kamar busasshen zoɓo, daga duwatsun sama-sama yake fitowa. Ko fairof ɗin ma ba duka ke da daraja ba, ido kuwa ba ya iya rarrabe su. Sai an dasa ƙwayar a roba, an goge ta, an sa a na'urar da ke harba mata siririn haske ta karanta sinadaran da ke cikinta kashi-kashi.

Abu biyu ake fara dubawa: kuromiyam da kalsiyam. Wani malami a Jami'ar Kef Tawun, John Gurney, ya tattara ƙananan ganet da aka samu a kulle cikin lu'ulu'u kansa, ya auna su. Ya ga mafi yawansu, kashi 85 cikin 100 na jinsin fairof, kuromiyam ɗinsu da yawa, kalsiyam kaɗan. Ya fitar da wannan a 1984, ya ja layi a kan jadawali. Masu faɗawa ɓangaren ƙarancin kalsiyam su ake kira G10. Na ɗaya ɓangaren G9. Samun G10 mai kyau yana nufin motar ta bi ta unguwar lu'ulu'u. G9 kaɗai yana cewa akwai kimbalait, amma bai yi maka alkawarin komai ba. Akwai kuma wani ganet ruwan lemo, na dutsen ekilojait, wanda a cikinsa ɗan sodiyam ake nema, kashi 0.07 cikin 100 ko fiye, domin sai matsi mai tsanani ke tura sodiyam cikin ganet.

Sauran ma kowa da labarinsa. Kuromait in kuromiyam ɗinsa ya haura kashi 60 cikin 100, alama ce mai kyau. Nikel da ke cikin ganet yana faɗin zafin da ƙwayar ta zauna a ciki. Koren dayofsaid, ƙwaya ɗaya tak, ana iya lissafa zafi da zurfin da ta fito. In ka jera ƙwayoyi da yawa sai ka ga hoton saiwar ƙasar: mai kauri ce mai sanyi, ko siririya mai zafi. Ilmanait ba ya cewa akwai lu'ulu'u, amma yana nuna ko narkakken dutsen mai cinye lu'ulu'u ne a hanya.

A ganina wannan ne wurin da ya fi cancantar kuɗin mai neman ma'adini. Chuck Fipke da Stewart Blusson sun shafe kusan shekara goma suna bin ƙwayoyi a arewacin Kanada, kuma sakamakon G10 ne ya sa masu kuɗi suka yarda da su tun ba a ga ramin ba. Aka same shi a 1991, mahaƙar Ekati ta buɗe a 1998.

Da gaske ne gara na nuna wurin lu'ulu'u?

Da ƙamshin gaskiya. A Botswana yashin Kalahari ya binne ramukan da mita gommai. Gara kuwa tana nutsawa neman laima, tana hauro da ƙasa, cikinta har da ilmanait da ganet. Waɗannan ƙwayoyi da aka tsinta a sama sun taimaka wajen gano Orapa a 1967, da Juwaneng da aka buɗe a 1982. Amma gara abin da ke ƙarƙashinta take kawowa. Surin bayan gidanka ba zai ba ka abin da babu ba.

In aka sami kimbalait, an yi arziki ke nan?

Da sauran rina a kaba. An san dubban ramukan kimbalait a duniya, waɗanda suka zama mahaƙa ba su wuce ɗaya cikin ɗari ba. Ga na Keniyeba a Mali, an daɗe da sanin su, ba su zama babbar mahaƙa ba.

Bayan ƙwayoyi sai a auna maganaɗisun ƙasa, ta jirgi ko da ƙafa, don ramin yakan fito a taswira kamar tabo. Sai a huda kamar rijiyar burtsatse a zaro dutse. A narkar da wani sashe a sinadari mai cin dutse, a ƙirga ƙananan lu'ulu'un da ba su kai rabin milimita ba. In sun ƙarfafa gwiwa, a haƙi ɗaruruwan tan, daga baya dubbai, har a tara karat dubu biyu ko uku, sannan masu kima su faɗi farashi. Kowane mataki ya ninka na baya tsada, kuma a kowanne ana iya tattara kaya a tafi.

Yawa kaɗai ba ya yanke hukunci. Letseng ta Lesoto ba ta kai karat 2 a tan 100 ba, amma duwatsunta manya ne masu tsada, tana ci. Argyle ta Ostareliya ta yi yawa ƙwarai, akasarinsa mai araha, 'yan ruwan hodar ne suka ɗaga sunanta har ta rufe a 2020. Yanzu kuma ga lu'ulu'un masana'anta ya karya farashin ƙanana.

Ina labarin Mobilong da aka ce ya fi na ko'ina?

Mobilong yana Gabas, wajen Yokaduma, kusa da iyaka. Akwai lu'ulu'u a wurin, cikin tsakuwar kogi da cikin wani tsohon dutse mai dunƙulen tsakuwa. A 2010 kamfanin C&K Mining na Koriya ta Kudu ya sami izinin haƙa, a watan Disamba kuma ma'aikatar harkokin wajen Koriya ta fitar da sanarwa mai cewa karat miliyan 420 ne a wurin, fiye da ninki biyu na abin da duniya duka ke haƙowa a shekara. Hannun jari ya yi tashin gwauron zabo. A 2012 masu binciken gwamnatin Koriya suka ce an zuzuta adadin.

Duk wanda ya kawo maka lissafin miliyoyi, tambaye shi: rami nawa aka huda, tan nawa aka wanke, karat nawa suka fito a hannu, wa ya yi musu kima.

Na'urar neman zinariya za ta gano shi?

Ba za ta gano ba. Ƙarfe take ji, lu'ulu'u kuwa ba ƙarfe ba ne. Mai eriya biyu da ake cewa tana hango daimon daga kilomita, kuɗinka kawai take hangowa.

Mu da ke Cadi fa?

Mafi yawan ƙasar yashi da laka ne suka rufe ta, dutsen gindi sai a Tibasti, Waddai, Gera, Mayo Kebbi da wajen Baibokum yake leƙowa. Na Mayo Kebbi ci gaban namu ne, ɗinki ɗaya. Na arewa da gabas tsohon gindi ne da aka sake dafawa, ana ganin saiwarsa ta lalace. An ruwaito tsintar lu'ulu'un kogi a wasu wurare, har da Gera da Baibokum mai maƙwabtaka da Afirka ta Tsakiya. Tsintuwa dalili ce ta ɗaukar samfur a auna ƙwayoyi, ba ta sayar da garke ba.

In na saya a Gabas, zan iya fita da shi waje?

Sai da takarda. Kamaru ta shiga Tsarin Kimberley, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin ɗanyen lu'ulu'u, a 2012, ɗanyen lu'ulu'u ba ya tsallaka iyaka sai da shaidar ofishin tsarin da ke Yawunde. Saye da haƙa ma kowanne da ƙa'idarsa, ƙarƙashin dokar ma'adinai ta Disambar 2023. Afirka ta Tsakiya an dakatar da ita a 2013 saboda yaƙi, sai a Nuwambar 2024 aka ɗage takunkumin gaba ɗaya, don haka idon hukuma yana kan wannan iyakar.

Ina zan kai abin da na samu a duba?

Fara da ofishin ma'adinai na yankinka. Akwai cibiyar binciken ƙasa da ma'adinai a nan Garwa, akwai makarantar ilimin ƙasa da haƙar ma'adinai ta Jami'ar Gaundare a Maiganga, akwai makarantar ma'adinai ta Jami'ar Marwa a Kaele. Za su iya gaya maka sunan dutsenka. Awon sinadaran ƙwaya kuwa yawanci ƙasashen waje ake aikawa, ana biya ƙwaya-ƙwaya.

Kada ka kawo dutse ɗaya tilo a ƙulle. Kawo baƙin yashin da ya taru a tsakiyar rariya, busasshe, kowane wuri da ledarsa, kada a gauraya. Rubuta sunan mayon, ranar, zurfin da ka ɗiba, da kilo nawa ka wanke. Ka buɗe taswirar wayarka a wurin ka kwafi lambobin da ta nuna, ka rubuta da biro a jikin ledar, ka kuma sa wata takardar a ciki, don rubutun waje yakan goge a bayan babur.